Taya, Kayan Inji da Mai a Tseren Gajeren Zango na Babur Mai Taya Huɗu



Mas'alar da aka ɗora mini in yi bahasi a kanta a wannan majalisi, ko da yake a zahiri wasa ce ta mutanen wata ƙasa mai nisa waɗanda Allah ya hore wa dukiya da sarari, a baɗini tana ƙunshe da wata ƙa'ida wadda duk wanda ya taɓa kwance inji ya ɗaure yake da bukatar saninta, wato ƙarfin da inji ya haifar, komai yawansa, ba ya shiga lissafi sai gwargwadon abin da ƙasa ta karɓa daga gare shi. Da'awata ita ce taya ce asali a wannan tsere, kayan inji da mai rassa ne, alhali kuwa akasarin masu sha'awar wasan daga reshe suke fara kashe kuɗinsu.

Tseren gajeren zango, wanda mutum biyu ke jerawa su tashi daga tsaye su miƙe ba kwana ba juyawa, a Amurka ya samu tsari, tun lokacin da Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951, aka kuma tsayar da rubu'in mil, wato kimanin mita 402, a matsayin zangon motoci bisa kwalta. Amma babura masu taya huɗu, waɗanda Suzuki ya fara fitarwa a 1982, suka kuma gaje kasuwa bayan an tsayar da sayar da masu taya uku a Amurka a 1988 saboda yawan kifewarsu, galibi a kan yashi ko turɓaya suke tsere, zangonsu kuwa ƙafa 300 ne, kimanin mita 91 ke nan. A tuddan yashin Glamis da Dumont na Kalifoniya, da Little Sahara ta Oklahoma, har zuwa Liwa a ƙasar Abu Dabi, babur ɗaya ya yi fice a kan sauran, shi ne Yamaha Banshee, mai silinda biyu da cc 347, wanda aka sayar a Amurka daga 1987 zuwa 2006, lokacin da dokokin hayaƙi suka tsananta. Injinsa mai bugu biyu ne, dangin ƙaramin janaretan nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, kuma har yau, bayan shekaru masu yawa da daina ƙera shi, shi ne mafi yawan abin da maƙeran tsere ke ginawa a kansa. Baburan da aka gyara sosai kan cinye zangon nan cikin ƙasa da sakan 4, kuma wanda duk ya rasa ƙafa 60 na farko, da ƙyar ne sauran ƙafa 240 su rama masa. Saboda haka ake auna lokacin wannan ɗan tsakani daban, a rubuta shi a takardar sakamako.

To, mu zo ga taya.

Yashi ba ya riƙe roba kamar yadda kwalta ke riƙe ta, domin ƙwayoyinsa zamewa suke yi a kan juna, saboda haka tayar yashi ba da mannewa take tafiya ba, da ɗiba da jifa take tafiya. Ana ɗauko taya a kankare zanenta har fatarta ta yi sirantaka ta yi sauƙi, sa'an nan a gasa mata waɗansu fikafikai na roba a gicciye, waɗanda ke nitsewa cikin yashi su tura shi baya kamar yadda filafili ke tura ruwa a bayan kwalekwale. Kamfanin Skat-Trak na Kalifoniya ya shahara da wannan aiki. Dukkan hikimar tana cikin yawan fikafikan. Idan suka yi kaɗan a kan inji mai ƙarfi, tayar sai ta yi ta juyawa a banza tana haƙa rami, ƙura ta tashi, 'yan kallo su yi shewa, abokin tsere kuwa ya riga ya yi nisa. Idan suka yi yawa a kan inji mai rauni, sai su kama yashin da injin ba zai iya ɗagawa ba, juyinsa ya faɗi ƙasa da inda ƙarfinsa yake, ya shaƙe a bakin layi, kuma inji mai bugu biyu, da yake ƙarfinsa a ɗan tsukin juyi na sama yake taruwa, ya fi kowane inji cutuwa da wannan. Abin da ake nema shi ne tayar ta ɗan zame daidai yadda injin zai zauna a cikin ƙarfinsa, ba ta kama ƙam ba, ba ta kuma saki ba, kuma wannan miƙidari yana sauyawa da nauyin mahayi, da damshin yashin safiya, da bushewarsa bayan azahar.

Akwai kuma sha'anin iska da kewaye. A ma'aunin mai faci, inda tayar mota kan sha 30 ko fiye, tayar yashi kan tsaya tsakanin 3 da 6, don ta baje ta hau bisa yashi maimakon ta nutse, kuma da yake iskar ta yi ƙaranci haka, sai a ɗaure leɓen tayar ga wili da zobe da kusoshi don kada wilin ya juya a cikinta. Siririyar fata kuma, idan gudu ya yi gudu, kan buɗe ta ƙara tsawo saboda juyawa, ta zama tamkar an ƙara wa babur wata giya a ƙarshen zango ba tare da an taɓa akwatin giya ba. Wani abin lura, wanda a ganina ya fi cancantar a karantar da shi ga almajiran gareji, shi ne tayoyin bayan irin wannan babur a kan sandar ƙarfe guda suke, ba su da na'urar da ke raba juyi tsakanin dama da hagu kamar ta mota, don haka idan kewayen ɗaya ya ɗara na ɗaya ko da da ɗan yatsa ne, babur zai riƙa janyewa zuwa ɓangaren ƙaramar, mahayi ya shagala da kokawa da hannu maimakon murɗa totur. Masu hankali da igiyar awo suke daidaita tayoyinsu, ba da ma'aunin iska kaɗai ba. A kan kwalta hukuncin ya juye gaba ɗaya: tayar sumul ake sawa marar zane, mai taushin roba, irin ta Hoosier ko Mickey Thompson, a juya ta a tsaye har ta yi hayaƙi don ta ɗumama ta yi danƙo kafin a shiga layi. Tayoyin gaba kuwa ba a bukatar kome daga gare su illa rashin nauyi.

Kayan jiki, idan aka duba da idon basira, kusan duka hidimar taya suke yi. Ana tsawaita ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya da inci 6, ko 10, ko ma fiye, saboda da zarar taya ta kama, gaban babur sama yake nufa, wanda kuma gabansa ya tashi dole ya sassauta totur ko ya faɗi da baya. Amma idan tsawon ya wuce kima sai nauyi ya bar bayan, tayar ta rasa abin da zai danna ta. Ana cire shokazoba a sa sandar ƙarfe, a rage tsayi, a ƙara wani ƙarfe mai 'yan ƙananan tayoyi a baya don tare tashin gaba. Kulocin tsere yana da 'yan hannuwa masu nauyi waɗanda juyawa ke watsawa waje su ƙara matse faranti, ta yadda zai ɗan zame a lokacin tashi, sa'an nan ya kulle idan gudu ya kankama. Akwatin giya kuma ana sassaƙa shi yadda mahayi zai canza giya totur na buɗe ba tare da ya kama kuloci ba. A cikin injin, Banshee daga kamfani faɗin silindarsa milimita 64 ne, tafiyar fistin 54. Idan aka sa karanshaf mai ƙarin milimita 4 da silinda mai faɗin 68, lissafi ya kai cc 421, wanda shi ne gini mafi yaɗuwa a tsakanin masu farawa. Ba zan wuce salansa ban yaba wa Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ba, wanda a shekarun 1950 ya inganta ƙirar nan mai tumbi, inda amsa-kuwwar hayaƙi ke komowa ta mayar da ɗanyen man da ya tsere cikin silinda kafin ƙofa ta rufe. Ƙarfe ne fanko wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, amma babban kaso na ƙarfin injin daga siffarsa yake.

Mas'alar mai ita ce inda saɓani ya fi yawa, kuma tahakikinta ba ya yiwuwa sai an fara yarda da cewa iyakar inji iska ce, ba mai ba. Silinda tana da ƙayyadadden ciki, iskar da za ta shaƙa a bugu guda sananniya ce, tambayar kawai ita ce wane mai ne zai fitar da zafi mafi yawa daga wannan iska. Fetur na bukatar kilo 14.7 na iska don ƙona kilonsa guda, etanol 9, metanol kimanin 6.4, naitirometan kuwa 1.7 kacal, saboda yana ɗauke da oksijin a jikinsa. Kilon metanol bai kai rabin kilon fetur zafi ba, wanda ya tsaya a nan sai ya hukunta cewa fetur ya fi. Amma tun da iskar da ke ƙona kilo guda na fetur tana ƙona fiye da kilo biyu na metanol, jimilla sai ta ɗan rinjaya wajen metanol. Babbar fa'idarsa ma ba nan take ba. Wajen zama tururi yana shan zafi kusan ninki uku na abin da fetur ke sha, sai iskar da ke shiga ta yi sanyi ta yi kauri, silinda ta cika da kyau, inji ya jure matsi mai tsanani ba tare da man ya fashe kafin lokacinsa ba. A tsakiyar zafin hamada, inda injin fetur ke yin la'asar, wannan ni'ima ce bayyananniya.

Sai dai sharuɗɗansa masu nauyi ne, kuma ban ga hujjar wanda ke ɓoye su ba. Da yake ana shan fiye da ninki biyu na abin da ake sha na fetur, wajibi ne a buɗe jet na kafireta, a faɗaɗa tiyo da makunnin tanki, sau da yawa a ƙara famfo, domin idan man ya gaza na ƙiftawar ido a cikin gudu, kan fistin ne zai huje. Baƙin man da aka tace daga ɗanyen mai ba ya gaurayuwa da metanol, sai a koma ga man zurma, wannan tsiro da ke fitowa a bayan gidajenmu ba wanda ya shuka, ko wani man haɗi da aka yi musamman. Metanol kuma yana zuƙar damshi daga iska, yana cin alminiyom da roba, yana wanke maiƙon da ke kare ƙarafan injin, don haka bayan kowane tsere sai an tsiyaye shi an tayar da injin da fetur mai gauraye kafin a ajiye. Mu a Nijeriya mun ga illar wannan a Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da metanol fiye da ƙa'ida, motoci suka lalace, layuka suka cika gidajen mai a Legas da Abuja da sauran birane. Man da ke cin tsere a injin da aka shirya masa, shi ne ya kwantar da injunan da ba a shirya ba.

Etanol, musamman haɗin E85, matsakaici ne a fa'ida da wahala, kuma Barazil ta tabbatar tun daga shirinta na 1975 cewa ana iya tafiyar da motocin ƙasa guda da man rake. Naitirometan da iskar naitiros, wadda kashi 36 cikin ɗari na nauyinta oksijin ne alhali iskar da muke shaƙa kashi 23 ce, suna ba da ƙarfi mai ban tsoro, suna kuma cinye inji da gwargwadon haka. Abin da nake ƙi ƙarara shi ne fetur ɗin tsere mai dalma, wanda har yanzu ake sayarwa a filaye da yawa, bayan duniya ta gama raba motocin titi da shi a 2021, Aljeriya ce ta ƙarshe. Ko da yake gubar Zamfara ta 2010 daga niƙan dutsen zinariya ta fito, dalmar ɗaya ce, kuma wanda ya san abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum ba zai yarda a busa hayaƙinta a filin da iyalai ke kallo ba, balle ga metanol da etanol suna ba da juriyar matsin da ake neman dalma dominta.

Duk wanda ya sauya mai, to, ya sani ya koma farkon lissafi, domin ƙarin ƙarfin da ya samu zai sa tayar jiya ta yi masa kaɗan, ya ƙara fikafikai, gaban babur ya fara tashi, ya ƙara tsawon ƙarfen baya, ya sake nauyin kuloci da haƙoran kaca.

Saura magana guda wadda ta shafi kiyaye rai, wanda malamanmu suka lissafa cikin lalurorin da shari'a ta zo don tsarewa. Gasar motoci ta Indianapolis ta karkata ga metanol bayan gobarar fetur ta 1964 da ta kashe Eddie Sachs da Dave MacDonald, inda baƙin hayaƙi ya rufe wa direbobi hanya; amma harshen wutar metanol ba ya ganuwa da rana, kamar yadda ya faru ga direba Rick Mears a 1981, yana ƙonewa a fuska mutanen da ke kusa ba su ga wuta ba. Ruwa yana kashe ta, saɓanin wutar fetur. Shi kansa metanol guba ne mai makantarwa, yana shiga ta baki da numfashi da fata, saboda haka al'adar zuƙo mai da tiyo a baki, wadda ta zama ruwan dare a garejojinmu, halaka ce idan aka yi ta da shi. Ina roƙon duk wanda zai shirya irin wannan tsere, ko ya gwada wannan mai a garejinsa, ya tanadi gangunan ruwa a farkon layi da ƙarshensa, ya wajabta hular kwano da igiyar da ke kashe inji idan mahayi ya faɗi, ya kuma sanar da ma'aikatan fili cewa mahayin da suka gani yana tsalle yana kaɗa hannu babu hayaƙi a jikinsa, a kwara masa ruwa nan take kafin a tambaye shi abin da ya same shi.