Inshorar Mota da Direban da Muke Miƙa wa Makulli



Yau hirarmu a kan inshorar mota ce. Na san wata za ta ce, "To ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa, ina ruwana da takardun mota?" Da ruwanki, 'yar uwa. Mata nawa ne a cikinmu suka kwashi adashi, ko suka sayar da gadonsu, suka sayi Keke Napep ko ƙaramar mota, suka ba wani yaro yana kawo balas kullum? Wata kuma ɗanta ne ke zare makullin motar maigida da zarar ya kwanta. Ranar da tsautsayi ya faɗa, gidanki za a fara sallama.

Dokar Najeriya ta tilasta wa duk abin hawan da ke bin titi ya mallaki inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Ba sabon abu ba ne, tun 1945 aka fara kafa irin wannan doka. Hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, wato NAICOM, ta sanya sabon farashi daga 1 ga Janairu 2023. Motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, kuma kamfani zai iya biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Keke naira 5,000, babur 3,000, babbar motar kaya 100,000. Daga 1 ga Fabrairu 2025 kuma 'yan sanda suka matsa wajen binciken wannan takarda a kan hanya.

Amma ki lura da kyau. Wannan inshora ta wanda aka buge ce, ko aka ɓata masa mota ko shago. Ba za ta gyara miki taki motar ba. Mai son a gyara tasa sai ya yi cikakkiyar inshora, wadda ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar ba. Motar miliyan 4 ke nan za ta ci aƙalla naira 200,000 a shekara.

To ina maganar direba ta shigo? Kuɗin ƙaramar inshorar bai canzawa, ko direban natsattse ne ko mai ganganci. A cikakkiyar ce kamfani ke duba wa zai tuƙa, wane aiki motar ke yi, sau nawa ta yi haɗari, sannan ya yanka farashi. Wadda ta shekara ba a nemi biya ba takan samu ragi, mai yawan karo kuwa ragin ya wuce shi. Abin da ya fi ciwo shi ne, idan mai tuƙin ba shi da lasisi, ko yana cikin maye, ko an rubuta motar gida ce alhali kabu-kabu ake yi da ita, kamfani na iya ƙin gyara miki. Kin biya kuɗi, ga mota a kwance, ga mutane a zaure suna jiran maigida.

Saboda haka kafin ki miƙa makulli, ki sa maigida ko wanki ya ga lasisin yaron da idonsa. A tambayi 'yan tasharsu halinsa, yana shaye-shaye ko ba ya yi? Kada kunya ta hana ki don ɗan ƙanwarki ne. Ɗanki kuwa, in bai kai shekara 18 ba, doka ba ta ba shi lasisi ba, kada ki rufa masa asiri in ya ɗauki mota. Son da zai kai shi asibiti ko ofishin 'yan sanda ba so ba ne.

Sai maganar takardun bogi, don suna da yawa. Direba zai kawo miki takarda mai hatimi da ya saya a bakin ofis da araha, ranar haɗari a tarar ba kamfanin da ya san da ita. A waya ma za ki iya tantancewa. A shiga shafin askniid.org, a sa lambar motar, zai nuna ko inshorar na nan da ranar ƙarewarta. In ba ki iya ba, 'yarki 'yar makaranta za ta duba miki.

Wadda kuma zuciyarta ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, akwai takaful, tsarin taimakekeniya da aka gina bisa shari'ar Musulunci. Kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna da lasisi, kuma suna yin ta mota.

Yau da dare in an kawo balas, ki ce a zo miki da takardun ki gani. Ki rubuta ranar da inshorar za ta ƙare, ki riƙa ware ɗan wani abu a asusu domin sabuntawa. Kekenki guminki ne, kada ki bar shi a hannun wanda ba ki bincika ba.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu da mazajenmu a kan hanya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.