Ruwan da ke Kwance Bayan Masallaci

Allah Maɗaukaki ya buga misali da sauro a Suratul Baƙara, ya buga da ƙuda a Suratul Hajji. Mu kuwa mun raina su, har muna kiwonsu a gidajenmu.

A kwantaccen ruwa macen sauro take zuba ƙwai, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 tsutsar ta yi fiffike. Ba sai tabki ba. Tsohuwar taya ta ishe ta, ko gwangwani, ko randar da ba marfi. Ƙuda kuma daga kwata yake tasowa ya sauka kan kunun buɗe-baki.

Abin kunyar ma shi ne wurin alwalar masallatanmu. Muna tsarkaka sau biyar, ruwan yana taruwa bayan katanga. Sauron da ya ƙyanƙyashe a nan ya shiga ɗakin maƙwabci da dare, ya ciji jaririnsa, masassara ta kama shi, uwar ta wuni a likita da azumi a bakinta. Wa za a tambaya ranar hisabi?

Gobe bayan Asuba, liman ya tara samari, a gina rami, a cika shi da tsakuwa, ruwan ya riƙa nutsewa.