Wa Ke Saita Wa Kwamfuta Agogo?

  An nemi mu yi bayani a kan yadda kwamfuta take samun daidaitaccen lokaci, kuma mun san akwai waɗanda suka ce a ransu, mu da neman abinci ya kawo mu kudu, ina ruwanmu da agogon kwamfuta? To a ɗan yi mana haƙuri, kafin mu zauna za a ga inda ruwanmu yake.

Da yawa daga cikinmu mun tashi mun ga iyayenmu suna riƙe da agogon hannu a gaban rediyo, suna jiran ƙarar nan shida ta BBC. Biyar gajeru ne, ta shida doguwa, kuma daidai farkon doguwar awa take cika. Tun shekarar 1924 BBC take watsa wannan ƙara. Dattijo ya ji ta, ya murza agogonsa, ya ƙara awa ɗaya a kan agogon GMT, ya sami agogon Nijeriya. Abin da kwamfuta take yi ke nan, sai dai ita ba ta yarda da kuskuren da kunnen mutum zai yafe ba.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse mai kama da gilashi, ana ce masa kwaz. In an ba shi wuta yana kaɗawa sau 32,768 a sakan ɗaya, da wannan ake ƙirga lokaci. Matsalarsa ita ce zafi da sanyi suna taɓa shi, tsufa ma haka. Sai ya riƙa gudu ko jinkiri da sakan ɗaya ko biyu a yini. Ƙaramin abu ne, amma a wata ɗaya ya kusa minti. Yanzu ku ɗauki ɗan'uwanmu mai sana'ar POS. Wani ya ce ya biya, shi ya ce bai gani ba. Na'urarsa ta rubuta lokaci ɗaya, ta banki ta rubuta wani, kyamarar shago kuma agogonta ya yi baya da minti ashirin. Wa zai raba wannan gardama? Mun ga irinta a kasuwa, an kai har gaban dattawa, kuma hoton da ake taƙama da shi ya kasa zama shaida saboda lokacin da ke jikinsa ba daidai ba ne.

Kamar yadda ake da mudun da ake gwada sauran mudaye da shi, haka ake da agogon da ake gwada sauran agoguna da shi. Shi ne agogon ƙwayar zarra. Wani Bature, Louis Essen, ya ƙera na farko mai inganci a Ingila a 1955. A 1967 aka yi ittifaƙi cewa sakan ɗaya shi ne kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da ke fita daga ƙwayar sinadarin siziyam. Ɗaruruwan irin waɗannan agoguna a ƙasashe daban-daban ake haɗa lissafinsu a wani ofishi da ke kusa da Faris, a fitar da lokacin duniya da ake kira UTC. Tambaya ita ce, ta yaya wannan lokaci zai iso kwamfutar da ke Legas ko Ibadan ko Fatakwal?

Hanya ta farko ita ce rediyo. Akwai tashoshin da ba su da labarai, ba su da kiɗa, aikinsu kawai faɗin lokaci dare da rana, da wata alama da na'ura ce take fahimta. Jamus tana da DCF77 kusa da Farankfot a kan dogon zango, kilohaz 77.5. Amurka tana da WWVB a jihar Kolorado a kan kilohaz 60. Ingila tana da MSF, wadda aka ɗauke daga Rugby aka kai Anthorn a 2007. Kowace tana aika alama ɗaya a kowane sakan, in minti ya cika an gama faɗin shekara da rana da awa da minti. Amma fa tashar Jamus iyakarta kamar kilomita 2,000, mu kuwa tsakaninmu da ita ya wuce kilomita 4,000. Don haka wanda ya sayi agogon bango na gwanjo aka ce masa yana saita kansa da kansa ta rediyo, ba ƙarya aka yi masa ba, sai dai a can Turai yake yin hakan. A nan da hannu za a saita shi.

Hanya ta biyu, wadda ita ce ta shafe mu, taurarin ɗan'adam ne. Yawancinmu mun san GPS a matsayin abin da ke nuna wa direba hanya, amma asalin abin da yake watsawa lokaci ne. Amurka ta harba na farko a 1978, aikin ya kammala a 1995. Taurarin ba su kasa 24 ba, suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,200, kowanne ɗauke da agogon ƙwayar zarra. Na'ura a ƙasa in ta ji huɗu daga cikinsu, za ta lissafa inda take da kuma ainihin lokaci. Saƙon yana tafiya da gudun haske, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan daidai yake da kuskuren mita 300 a ƙasa. Kun ga dole agogon ya zauna daidai. Duk wanda ya kafa eriya inda take ganin sararin sama, ko a ina yake, zai sami wannan lokaci kyauta. Turai da Rasha da Sin ma kowacce tana da nata taurarin.

Ba kowace kwamfuta ce take da eriya ba, nan ne aikin Farfesa David Mills na Jami'ar Delaware ya shigo. A 1985 ya fitar da tsarin da ake kira NTP, kuma ya yi ta gyara shi shekara da shekaru kafin rasuwarsa a 2024. Kwamfutar da ke jone da agogon rediyo ko na tauraro ita ce hawa na ɗaya. Wadda ta tambaye ta ita ce hawa na biyu, haka abin yake sauka har ya iso tamu ta intanet. Dabarar da ta fi burge mu ita ce wannan. A ce ka aiki yaro gidan maƙwabci ya tambayo ƙarfe nawa. Kafin ya dawo, amsar ta tsufa. Amma in ka san minti huɗu ya yi zuwa da dawowa, sai ka ce biyu na zuwa ne, biyu na dawowa, ka ƙara minti biyu a kan abin da ya faɗa. Kwamfuta haka take yi. Kuma ba gida ɗaya take aikawa ba, takan tambayi uku ko huɗu, ta watsar da wanda ya saɓa wa sauran. In ta ga nata agogon ya ɗan kauce, ba ta fizgo shi, tana rage masa gudu ne ko ta ƙara a hankali har ya dawo.

Kada a ɗauka abin ba ya tuntuɓe. Juyawar duniya ba ta tafiya daidai da agogon ƙwayar zarra, shi ya sa daga 1972 zuwa ƙarshen 2016 aka ƙara sakan ɗaya har sau 27. Wanda aka ƙara a ƙarshen Yunin 2012 ya rikita kwamfutoci da yawa, har fasinjojin jirgin sama suka yi cirko-cirko a Ostareliya. A 2022 aka yanke shawarar a daina wannan ƙari a 2035 ko kafin nan. Haka kuma a Janairun 2016, lokacin da ake sallamar wani tsohon tauraron GPS daga aiki, wasu taurarin suka watsa lokaci da kuskuren kashi 13 cikin miliyan na sakan, kuma wannan kaɗai ya isa ya taɓa wasu tashoshin rediyon dijital na BBC. A ganinmu duk bankin ko kamfanin wayar da ya jingina da tauraro kaɗai, ba shi da agogo mai kyau na ajiya, ya yi ganganci.

Mu kuma masu shago, namu aikin ba shi da yawa. A bar waya da kwamfuta su riƙa ɗaukar lokaci da kansu, a tabbata an zaɓi yankin Afirka ta Yamma, wato GMT da ƙarin awa ɗaya. A riƙa duba agogon kyamarar shago duk mako, musamman bayan an ɗauke wuta. In kuma kwamfuta ta riƙa tashi da tsohuwar shekara, tana ƙin buɗe shafin banki, kada a yi saurin kai ta wurin mai gyara a ce ta mutu. Sau da yawa wani ɗan batir ne a cikinta mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, shi ne ya ƙare, kuma ana samunsa wurin masu gyaran agogo.

Nan za mu tsaya, mai girma shugaba. In akwai mai tambaya, ga mu.