Albashi, Haraji da Haƙƙin Allah: Jawabin Sakataren Gidauniya a Taron Shekara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



Bara wani bawan Allah, ma'aikacin gwamnatin tarayya, ya ɗauki nauyin karatun marayu biyu. Ya yi alkawarin ne bisa adadin da ke rubuce a takardar ɗaukarsa aiki. Da aka shiga wata na huɗu sai ya kasa cikawa, ya kuma ji nauyin faɗa mana, har sai da makaranta ta mayar da yaran gida. Niyyarsa mai kyau ce, lissafi ne ya kuɓuce masa. Shi ya sa na zaɓi in yi magana kan wannan lissafi a yau.

A ƙaddara albashin mutum naira 250,000 ne a wata, wato miliyan 3 a shekara. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari. Idan aka lissafa shi kan albashin duka, ya kama 240,000. Sabuwar dokar haraji, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ta sassauta wa mai haya da kashi 20 na kuɗin hayarsa, muddin sassaucin bai wuce 500,000 ba. Mai biyan hayar 300,000 za a rage masa 60,000. Abin da haraji zai hau kansa ya zama 2,700,000. Naira 800,000 na farko ba a taɓa su. Ragowar 1,900,000 ana cire musu kashi 15, wato 285,000 a shekara, ko 23,750 a wata, kuma hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da mutum yake zaune ce ke karɓa. Abin da zai shiga asusunsa ke nan 206,250, kafin a zo kan kuɗin asusun gidaje da na ƙungiya da bashin banki.

Daga nan hukunci biyu ke fitowa. Na farko, haraji ba ya sauke zakka. Haraji na baitulmalin gwamnati ne, ita kuwa zakka Allah ya ƙayyade masu cinta, kashi takwas, a aya ta 60 ta Suratut Tauba.

Na biyu, a mazhabar Malikiyya zakkar kuɗi tana wajaba ne idan abin da mutum ya ajiye ya kai nisabi, ya kuma shekara a hannunsa, bayan an cire bashi. Nisabin zinariya miskali 20 ne, kimanin giram 85, abin fitarwa kuwa ɗaya cikin arba'in. Shaihu Yusuf Ƙardawi, a Fiƙhuz Zakati, ya zaɓi a fitar tun lokacin karɓar albashi, amma shi ma bayan an cire buƙatun dole. A bisa nisabin zinariya, ma'aikacin da muka buga misali da shi ba ya cikin masu zakkar kuɗi, sai fa in yana da wata ajiya ko hajar kasuwanci. Amfanin gonarsa kuwa hukuncinsa daban ne. Ƙofar da ke buɗe masa ita ce sadaka da waƙafi, gwargwadon iko.

Roƙonmu ga kwamitoci: kafin ku rubuta alkawarin kowa, ku zauna da shi a duba takardar albashinsa ta watan da ya gabata. Naira 5,000 da za ta zo kowane wata ta fi wa maraya amfani a kan 20,000 da za ta tsaya a tsakiyar zango. 'Yandoto gari ne da aka sani da malamai tun kafin jihadi. Bai dace yaro ya bar karatu a nan saboda kuskuren lissafinmu ba.

Allah ya karɓa daga masu bayarwa, ya sanya albarka a abin da ya rage musu, ya ba Zamfara zaman lafiya.