Ƙisasi da Ramuwar Gayya: Wa Ke da Jinin Wanda Aka Kashe?

Gabatarwa

Akwai kalmomi biyu da mutane kan cuɗa su wuri ɗaya, watau ramuwar gayya da ƙisasi, alhali kuwa tsakaninsu da tazara mai nisa. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma a nan aibinta yake, gama mai ramawa da hannunsa ba ya riƙe da mudu. Shi kuwa ƙisasi kalma ce ta Larabci wadda ta shigo Hausa ta hanyar littattafan fiƙihu, ma'anarta a saka wa mai laifi daidai da abin da ya aikata. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa sakayya ba ta zama adalci sai ta tsaya a kan duwatsun murhu uku: awo, da alƙali, da ƙofar afuwa.

Abin da Malikiyya ta tanada

Asalin hukuncin yana cikin aya ta 178 da ta 179 na Suratul Baƙara, inda aka ambaci ƙisasi da afuwa tare. Littattafan da alƙalan ƙasar Hausa suka dogara da su, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun kasa kisa kashi biyu: na ganganci da na kuskure. A kisan kuskure babu ƙisasi, sai diyya, wadda aka ƙayyade raƙumi 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. A kisan ganganci kuwa jinin na magadan mamaci ne. In sun so su nemi a kashe, in sun so su yafe, in sun so a yi sulhu a kan dukiya. To, amma ko sun yafe, hukuma ba ta sakin mai kisa haka nan, sai an yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara ɗaya. Kisan gilla kuwa, watau a yaudari mutum a kashe shi don abin hannunsa, ba ya karɓar afuwa, domin laifi ne ga jama'a duka.

Masana a Turai ma sun yi ta jayayya a kan wannan. Jeremy Bentham na Ingila yana ganin amfanin horo shi ne ya tsoratar da na baya. Immanuel Kant na Jamus, a littafinsa na 1797, ya ce ana horon mutum ne domin ya cancanta, ko da babu wata riba da za a samu. Ƙisasi ya yi kusa da ra'ayin Kant wajen daidaita laifi da horo, sai dai ya bambanta da shi a wuri guda, ya ba wanda aka cuta iko ya ce ya yafe.

Daga Zandam zuwa fadar Kano

Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ƙasar Gwaram da ta Birnin Kudu gundumomi ne na Kano. A zamanin En'e, idan aka yi kisa a gari kamar Zandam, dagaci ba shi da ta cewa sai ya kai wa hakimi, hakimi kuma ya aika Kano, domin majalisar Sarki ce mai ikon yanke hukuncin rai. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, suka ƙara da cewa ba a zartar da kisa sai Gwamna ya sa hannu. Wannan doguwar hanya tana da wahala, amma tana da hikima. Kafin magada su tsaya gaban Sarki, zuciya ta ɗan huce, dattawa sun sa baki, an kuma fitar da wuƙa daga hannun mai fushi.

Rikici ya taso ne daga zaman dokoki biyu a ƙasa ɗaya. A 1947 aka ɗaukaka ƙarar wani mutum mai suna Tsofo Gubba, wanda kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa hukuncin kisa saboda ya kashe kwarton matarsa. A Malikiyya wannan ganganci ne. A dokar Turawa kuwa, wanda aka tunzura har ya yi kisa cikin zafin zuciya laifinsa bai kai na rataya ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, abin da ya ɓata wa sarakuna da alƙalai rai ƙwarai. Haka aka yi ta ja-in-ja har 1958, lokacin da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin masana a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka sami kundin Final Kot, wanda ya fara aiki a 1960. A wannan kundi jini ya koma hannun gwamnati. An yarda a tambayi dangin mamaci a rubuta abin da suke so, amma maganarsu shawara ce kurum.

Komowar ƙisasi

Shekara 40 bayan haka, Zamfara ta mayar da dokar laifuffuka ta Musulunci a 2000, jihohi 11 suka bi sawu, ciki har da Jigawa. Jini ya sake komawa ga magada. Shari'ar da ta fi fitowa fili ita ce ta Sani Yakubu Rodi, wanda kotun Musulunci a Katsina ta same shi da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu a 2001. Masu jini suka nemi ƙisasi, aka rataye shi a kurkukun Kaduna ran 3 ga Janairu, 2002. Laifin mai girma ne, babu shakka. Duk da haka ya kamata ɗalibin shari'a ya lura cewa mutumin bai sami lauya ba, bai kuma ɗaukaka ƙara ba. Hukuncin da ba a iya warware shi in an zartar, shi ya fi kowane bukatar a tsananta bincike, shi ya sa malaman fiƙihu suka ɗora wa masu neman jini shaidu adilai biyu, ko rantsuwa hamsin.

Inda hatsarin yake

A ɗauki misali da abin da kowane mutumin ƙauye ya sani. Da kaka shanu suka faɗa gonar da ba a girbe ba, aka yi cacar baki, aka zare sanda, rai ya salwanta. Idan dangin mamaci sun tabbata za a kama wanda ya yi, a saurare su, a yanke hukunci kafin shekara ta kewayo, za su jira. Idan kuwa sun ga fayil na kwana a ofis, shaidu na gajiya da kuɗin mota, wanda ake tuhuma na yawo a kasuwa, sai su ɗauki gora su nufi ruga ko ƙauye mafi kusa. Wanda za su tarar a can galibi ba shi ya yi kisan ba. Awo ya ɓace, alƙali ba ya nan, afuwa kuma ba ta da wurin shiga, domin mutum ba ya yafe abin da ba a ba shi ikon karɓa ba.

Kammalawa

Wa ke da jinin wanda aka kashe? Tarihin ƙasar nan ya ba da amsa iri biyu: Final Kot ya ce gwamnati, Malikiyya ta ce magada. Amma dukansu sun haɗu a kan cewa ba mai ɗaukar fansa da hannunsa. Saboda haka nauyin yana wuyan ɗan sanda mai bincike, da magatakardan kotu, da lauyan gwamnati mai ba da shawara, da dagacin da labari ya fara zuwa wa. Jinkirin kowannensu kira ne ga ramuwar gayya. Ɗaliban da ke shirin hawa waɗannan kujeru su riƙe wannan tun yanzu. Allah ya sa a gama lafiya, amin.