Jan Maɓalli Shi Ne Gaba

Wani mai injin niƙa na lantarki daga Ruwan Bore yana tambaya: maɓallan tsayarwa biyu gare shi, wanne ne gaba?

To malam, babban jan nan shi ne gaba. Ƙa'idar masana'antu ta ce da an danna shi duk wani umarni ya faɗi, ko da wani yana danna na tayarwa. Ko an janye shi, inji ba ya tashi da kansa. Ƙaramin kuwa na tashi daga aiki ne.

Amma fa yanke wuta ba tsayawa ba ce. Bel yakan ci gaba da juyawa, ya fizgi hannun riga. Jira sai ya tsaya cak. In za ka cire abin da ya toshe, kashe babban makunni tukuna. Haka ma in an ɗauke wuta, kada ta dawo hannun yaronka na ciki.

Masu niƙa na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ku nuna wa yaran aikinku jan maɓallin nan tun ranar farko. Allah ya tsare, amin.