Jawabi Kan Ciwon Dunduniya da Hanyar Maganinsa

Maganarmu ta yau a kan wani ciwo ce wanda ke hana mutane da yawa neman abinci, wato ciwon dunduniya. Masu aikin tsayuwa ya fi kamawa: 'yan dako da 'yan tireda irin na Kasuwar Litinin ta Maiduguri, da malaman makaranta, da ma'aikatan jinya, da masu gadi. Ya fi yawa ga 'yan shekara 40 zuwa 60.

A ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wani tantani mai kauri wanda ya taso daga ƙashin dunduniya ya tafi har gindin yatsu. Shi ke tallafe ƙafa duk lokacin da aka taka. Idan nauyi ya yi masa yawa, sai ya raunana daidai inda ya manne da ƙashi. Abubuwan da kan jawo haka su ne doguwar tsayuwa a kan daɓen siminti, da ƙiba, da ɗaurewar naman sharaɓa, da takalmi marar kauri.

Alamarsa ba ta da wuyar ganewa. Da mutum ya sauko daga gado da asuba ya taka ƙasa, sai ya ji kamar ya taka ƙusa. In ya ɗan yi tafiya sai zafin ya lafa, in ya daɗe a zaune ya tashi sai ya dawo. Da wannan bayani, da danna wurin da yatsa, likita kan gane ciwon. Galibi ba a bukatar hoton ƙashi. Ko da hoto ya nuna ɗan tsiro a ƙashin, yawanci ba shi ke kawo zafin ba.

Maganinsa kuwa a gida ake fara shi. Kafin ka taka ƙasa da safe, ka kama yatsun ƙafar ka jawo su wajen ƙwauri har ka ji tafin ya miƙe. Ka kuma dafa bango, ka ja ƙafar mai ciwo baya, dunduniya a ƙasa, ka tsaya haka daƙiƙa 30. Ka maimaita sau da yawa kowace rana. Da maraice a naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora minti 15. A sa takalmi mai taushin ciki, a daina yawo ba takalmi, mai ƙiba kuma ya rage. Kimanin mutum 9 cikin 10 kan warke da irin wannan kula kafin shekara ta cika.

Muna gargaɗi: kada a yarda a yi wa ƙafar tsaga ko sakiya, domin sukan bar gyambo, musamman ga mai ciwon sukari. Kada kuma a karɓi allura a dunduniya daga hannun wanda ba likita ba, gama yawan yin ta kan iya tsinka tantanin.

In an ga kumburi, ko zazzaɓi, ko mutuwar ƙafa, ko kuwa an yi makonni ba sauƙi, sai a nufi asibiti. A Maiduguri akwai Asibitin Koyarwa na Jami'a, wanda aka buɗe a 1983, yana da sashen gashin ƙashi. Mazauna sauran jihohi su tuntuɓi babban asibitin da ke kusa da su.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu lafiya, amin.